Ina Bakano yake cin abinci, ina yake miƙe ƙafa, ina yake hutawa?

Bakanon Legas:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. Shekarata 14 ina zaune a Legas, kuma in Allah ya yarda a hutun ƙarshen shekara zan zo gida da iyalina mu yi mako uku. 'Ya'yana uku duk a can aka haife su, babbar tana da shekara 12, kuma abin da suka sani game da Kano bai wuce gidan kakarsu a Mandawari da zagayen gaishe-gaishen dangi a cikin mota ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ba na so su tashi suna ganin garin ubansu wuri ne da ake zuwa a gaisa a juya. Ina roƙon ku gaya mini wuraren da ku da kanku kuke zuwa, ba waɗanda ake kai baƙi don a burge su ba: inda kuke cin abinci idan kwaɗayi ya motsa, inda kuke miƙe ƙafa, da inda kuke zama ku huta idan hayaniyar kasuwa ta ishe ku.

Ɗan Jakara:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ku lafiya, Alhaji. Ni dai a ganina duk wanda zai nuna wa yaro Kano ta hanyar abinci, da gurasa zai fara, kuma ba wadda ake sayarwa cikin leda a bakin titi bayan ta kwana biyu ba. Ka shigo da su cikin gari da hantsi, wajen Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa, inda har yau mata suke gasa ta a tanderu a cikin gidajensu kamar yadda suka gada. Ka bari yaran su ga yadda ake manna ƙullun a jikin tanderun da ya yi zafi, da yadda ake ɓamɓaro ta tana tururi, domin ganin nan shi ne zai zauna musu a zuciya fiye da cin. Daga nan sai a yi musu bandashe: a yayyafa mata ruwan ɗumi kaɗan don ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa, a sa yaji da albasa da tumatir. Ni kusan kullum da ita nake karyawa kafin in buɗe shago, kuma na ci abinci a garuruwa da dama amma ban ga abin da yake riƙe ciki da kuɗi kaɗan kamarta ba. Tunda kun riga kun shigo nan, Kasuwar Kurmi tana kusa, sai ku ratsa ta layin masu jima da masu kwalliyar dawaki kafin rana ta take.

Maɗinkin Fagge:
Barka da zuwa tun kafin ka iso, yallaɓai. Ban musa wa Ɗan Jakara ba game da gurasa, sai dai ni a wurina abincin Kano na gaskiya bayan sallar isha'i yake fitowa. Mu da muke wuni a kan keken ɗinki ba mu da lokacin cin abin kirki da rana, saboda haka idan muka rufe shago sai mu nufi wurin mai nama, a yanka mana balangu mai zafi a takarda, ko a ɗauko tsire daga bakin wuta, a haɗa da gurasa a ɗora a kan wutar har ta sha man naman. A Fagge kusan kowane layi yana da mai namansa da mutanen layin suka yarda da shi, kuma hanyar gane na kirki ba wuya: wanda ka ga dattawan unguwa suna jiran sa tun kafin naman ya nuna, shi ne. Bayan nan sai teburin mai shayi, inda za ka tarar da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ɗan dako da malamin makaranta a kan benci ɗaya, ana soya ƙwai ana hirar Kano Pillars. Idan za ka koma kuwa, kada ka sayi kilishin tsaraba a tasha. Ka je Agadasawa inda ake shanya shi, ka ɗanɗana kafin a auna maka.

Hajiyar Gwammaja:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗana Bakanon Legas, Allah ya raya maka zuri'a. Abin da zan ƙara shi ne, abinci mafi daɗi a garin nan ba shi da allon talla, a cikin gidaje ake yin sa, kuma sai ɗan unguwa ne ya san ƙofar. A layinmu akwai wata baiwar Allah da ta fi shekara 30 tana suyar waina, tun asuba ake jin ƙamshin tandarta, kuma kafin ƙarfe tara ta sayar ta wanke kwanukanta. Da miyar taushe take bayarwa, mai kabewa da alayyafo da gyaɗa, wanda kuma yake so da ƙuli da mai sai a ba shi. Haka ɗanwake, haka dambu, haka funkaso da sinasir. Ka tambayi mahaifiyarka ko ƙannenka mata a Mandawari, za su aiki yaro ya karɓo maka wanda ya fi na kowane gidan abinci. Ni ba na hana ka kai su wuraren zamani, amma ka fara da waɗannan, domin matan da suke wannan sana'a da ita suke ciyar da marayu suna biyan kuɗin makaranta, kuma kuɗinka a hannunsu ya fi amfani.

Ɗalibar Jami'a:
Ina yi wa iyayena da yayyena sallama. Hajiya, abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ina so in ja hankalin Yaya Bakanon Legas a kan abu guda, wato yaran da ba su saba da ruwan wuri ba cikinsu yana saurin lalacewa. Ya zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gabansa, kamar waina da ƙosai da awara da nama, ya yi hattara da zoɓo da kunun aya da furar da aka dama da ƙanƙarar da bai san asalin ruwanta ba. Mu ɗalibai abin da ya fi rufa mana asiri shi ne garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, a yanka latas da tumatir a kai, kuma a kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da sabuwar duk akwai masu yin sa da tsabta. Kada kuma a manta cewa Kano ba tuwo da gurasa kaɗai ba ce. A Sabon Gari akwai sakwara da miyar agushi da amala da gasasshen kifi waɗanda yaran sun riga sun saba da su a Legas, sannan Kwarori, wato 'yan Lebanon da suka daɗe a garin nan, sun bar mana burodinsu da shawarma. Idan yaran suka ga abincin da suka sani a garin ubansu, za su fi sakin jiki su ɗanɗana wanda ba su sani ba.

Tsohon Malami daga Yakasai:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura kowa ya tsaya a kan abinci, alhali mai tambaya abu uku ya nema. Bari in ɗauki na biyu. Ni na yi shekara 35 ina koyarwa, kuma a duk shekarun nan ban ga darasin da yake shiga kan yaro game da garin nan kamar a hau da shi Dutsen Dala ba. Ka je da su bayan sallar asuba, kafin rana ta fito sosai, musamman da yake lokacin hunturu za ku zo, sai dai a roƙi Allah ya sa hazo bai yi yawa ba a ranar. Akwai matakala da aka gina, yaro ɗan shekara shida ma yana iya hawa idan ana tsayawa ana hutawa. Idan kuka kai sama, ka juya da su ta kowace kusurwa: ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a na cikin gari, ga Gidan Rumfa a bayansa, ga rufin Kasuwar Kurmi, ga unguwanni sun bazu har inda ido ya gaza. A nan za ka gaya musu cewa a gindin dutsen nan garin ya fara, tun zamanin maƙera masu haƙar tama da zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Ka gaya musu Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, kuma Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi ya gina fadar da ake zaune a cikinta har yau.

Idan kun sauko, wata rana dabam ka kai su Gidan Makama da ke daura da fada, su ga kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan sarakuna, sannan ku gangara karofin Ƙofar Mata, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1498. Marina suna nan har yanzu suna tsoma yadi a ruwan baba da toka, kuma a gefe za ku ji sautin mabuga suna bugun shadda. Ni har yau idan raina ya ɓaci nakan je in zauna kusa da su in yi shiru ina kallo, domin aikin da mutum yake yi a natse kamar yadda kakansa ya yi yana sanyaya zuciyar mai kallo.

Ɗan Jakara:
Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya yi, kuma mu da muke kwana muna tashi a gindin Dala mun san darajarsa. Sai dai ya kamata a gaya wa Alhaji gaskiyar halin da wurin yake ciki, kada ya je ya ji kunya a gaban 'ya'yansa. Gidaje sun matso har jikin dutsen, zaizayar ƙasa tana cin gefensa duk damina, akwai shara a wasu kusurwoyi, kuma babu wurin zama ko inuwa a sama. Da yamma wani lokaci akan sami samarin da ba a jin daɗin haɗuwa da su, shi ya sa shawarar Malam ta zuwa da sassafe ita ce daidai, kuma ya fi kyau ya nemi wani ɗan unguwar ya raka su. Ranar da dutsen yake cika da jama'a ita ce ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, amma ranar ba ta yara ƙanana ba ce saboda turmutsitsi.

Ma'aikaci daga Bompai:
Ina gaishe da kowa. Game da miƙe ƙafa, ni likita ne ya umarce ni da tafiya saboda hawan jini, kuma shekara huɗu ke nan ba na fashi sai da dalili. Filin Sukuwa nake zuwa bayan asuba, kuma duk wanda ya je zai yi mamakin yawan mutanen da yake tararwa: dattawa da carbi a hannu suna zagaye, samari suna gudu, wasu suna buga ƙwallo, har da mata rukuni-rukuni cikin hijabansu. Ranakun Asabar da Lahadi sun fi cika. Idan na gaji da zagaye wuri ɗaya sai in bi titunan Nassarawa masu itatuwan darbejiya da maɗaci, irin su Sultan Road da Lodge Road, inda motoci ba su da yawa da safe kuma iska tana da sanyi. Waɗanda suke cikin gari kuma suna da filin Mahaha a Ƙofar Na'isa. Abin da na koya shi ne, a Kano lokaci ya fi wuri muhimmanci: titin da ba ya biyuwa da ƙarfe goma saboda adaidaita sahu da ƙura, da ƙarfe shida na safe kamar naka ne kai kaɗai.

Direba daga Kurna:
Ranka ya daɗe Ma'aikaci, Allah ya ƙara lafiya, amma ina so ka duba wannan magana ta ɓangarenmu. Daga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa zuwa Filin Sukuwa sai mutum ya hau adaidaita sahu biyu, ya biya zuwa ya biya dawowa, don kawai ya je ya yi tafiyar ƙafa. Wanda yake neman abin da zai kai gida a ranar ba zai iya wannan ba. Tun da aka hana acaɓa a 2013 talakan garin nan yana tafiyar ƙasa ko yana so ko ba ya so, amma wannan tafiyar wahala ce a gefen kwalta, babu hanyar masu ƙafa, kana kauce wa mota kana tsallake kwata. A duk yankinmu, da yawan jama'ar da Allah ya tara a nan, ban san wani lambu guda ɗaya da mutum zai shiga ya zauna a inuwa ba tare da an karɓi kuɗinsa ba. Hutunmu shi ne majalisa: tabarma ko benci a ƙofar gida bayan la'asar, ko bayan isha'i, a sayi rake ko gyaɗa ko goro, a saurari rediyo, a yi hira, a san wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa. Idan Alhaji yana so 'ya'yansa su san yadda Bakano yake hutawa, to ya zauna da ɗansa namiji a majalisar ƙofar gidansu a Mandawari, wannan ita ce amsar gaskiya. Ranar da nake da 'yan canji kuma nakan je kallon dambe a Ado Bayero Square da ke Sabon Gari, amma can ba wurin kai yara ba ne.

Hajiyar Gwammaja:
Malam Direba, ka faɗi gaskiya, amma a cikin maganarka akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ce ya zauna da ɗansa namiji. To 'yarsa mai shekara 12 fa, da mahaifiyarta? Majalisa ta maza ce, teburin mai shayi na maza ne, wurin mai nama da dare na maza ne, gidan dambe da filin ƙwallo na maza ne. Duk wuraren da aka lissafa tun farkon wannan zance, in ka cire Filin Sukuwa da Gidan Makama, babu inda mace mai mutunci za ta je ta zauna ta sha iska ba tare da an bi ta da kallo ba. Mu hutunmu shi ne biki da suna da gaisuwar rasuwa da dubiya a asibiti, kuma duk wanda ya san waɗannan ya san ba hutu ba ne, aiki ne aka sauya masa wuri. A da gidajen cikin gari suna da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar ɗurumi ko ceɗiya ko mangwaro, mata su shimfiɗa tabarma da daddare su yi tatsuniya da yara. Yanzu an raba gado, an yanka gidajen, an gina ɗakunan haya a tsakar gidan, mace tana wuni a ɗaki da falo babu ko taga mai kyau. Ina da maƙwabciya da likita ya ce ta riƙa tafiya saboda ciwon suga, sai dai ta riƙa kai da komowa a soro bayan mijinta ya fita. Wannan ba maganar son yawo ba ce, maganar lafiya ce.

Direba daga Kurna:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, wallahi ban taɓa duba abin ta wannan fuska ba, alhali ni ma ina da mata da 'ya'ya mata huɗu a gida. Idan na lissafa, rabon da in fita da su wani wuri da ba gidan dangi ba tun ƙaramar sallar bara.

Malama daga Gandun Albasa:
Hajiya ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni da 'ya'yana wurin da muke da shi shi ne Gidan Zoo, tunda yana kusa da mu. Gwamna Audu Baƙo ne ya kafa shi a farkon shekarun 1970, kuma ko da mutum bai damu da dabbobin ba, manyan itatuwan da ke ciki sun isa dalilin zuwa, domin a duk wannan yanki babu inuwa mai faɗinta. Shawarata ita ce kada Yaya ya kai su ranar hutu ko lokacin sallah, saboda cinkoson yakan wuce misali. Ya je ranar Talata ko Laraba da hantsi, ya tafi da tabarma da abincinsu daga gida, su zagaya su ga zaki da jimina da kada da birai, sannan su zauna a gindin bishiya. A kan titin Gidan Zoo kuma akwai Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, inda mata da yawa suke zuwa ba don sayayya ba sai don wuri ne mai tsaro da sanyi da mace za ta zagaya da 'ya'yanta ba wanda ya tanka mata.

Amma wuraren wasan yara na kuɗi da suka yawaita yanzu, a yi lissafi kafin a shiga. Na taɓa kai yarana huɗu wani daga cikinsu, aka karɓi kuɗin shiga a ƙofa, sannan kowane lilo da kuɗinsa dabam, aka kuma hana mu shiga da ruwan da muka zo da shi. Kafin awa ɗaya abin da na ware na mako guda ya ƙare, ƙaramin yana kuka yana nuna motar da ban iya biya masa ba. Tun daga ranar na gane cewa irin waɗannan wurare ba su maye gurbin filin unguwa ba, domin filin unguwa ba ya tambayar yaro abin da ke aljihun uwarsa.

Tsohon Malami daga Yakasai:
Malama, kin kawo mu kan asalin ciwon. Lokacin da muke yara kowace unguwa tana da dandali, inda 'yan mata suke gaɗa da daddare a farin wata, samari suna langa da kokawa, tsofaffi suna kallo daga nesa. Akwai filaye a bayan badala, akwai kududdufai da suke tara ruwan damina suna sanyaya unguwa, akwai gonaki da lambuna a cikin ganuwa kanta ta wajen yamma. Mukan hau kan badala daga Ƙofar Na'isa mu bi ta har Gadon Ƙaya muna kallon gari a dama da daji a hagu. Yau yawancin kududdufan an cike su an yi gini, shi ya sa ruwan sama kaɗan yake shiga gidaje, badalar kuma a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa ko ta ɓace a bayan shaguna. Ban ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, domin mu ma da hannunmu a ciki: wanda ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi bulo ɗan gari ne, wanda ya sayi filin makarantar unguwa ya kafa shago shi ma ɗan gari ne. Garin da ya tara miliyoyin mutane yana buƙatar wurin numfashi kamar yadda yake buƙatar kasuwa, kuma Kano ta iya gina kasuwa fiye da kowa amma ta yi sakaci da ɗayan.

Maɗinkin Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ai wannan magana idan aka bi ta sai an kira sunayen waɗanda suka raba filayen nan, domin ba aljanu ne suka sa hannu a takardun ba.

Mai Kula da Zaure:
Ina roƙon 'yan uwa a tsaya a kan tambayar da aka yi. Maganar filaye tana da muhimmanci kuma tana cikin batun, amma dokar zauren nan ta hana kiran sunan jam'iyya ko ɗan siyasa, saboda mun ga yadda hakan ya raba zumunci a baya. Wanda yake da wurin da zai ƙara wa mai tambaya, Bismillah.

Ma'aikaci daga Bompai:
To bari in ƙara guda, kuma wannan ya dace da abin da Hajiya ta nema, domin wuri ne da iyali gaba ɗaya za su je. Alhaji ya ware rana guda ya fita da su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ma a zamanin Audu Baƙo. Ta hanyar Zariya ake bi, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba idan hanya da sauƙi, kuma a kan hanya za su ga gonakin rani na Kura da Kadawa, shinkafa da tumatir da alkama kore shar a tsakiyar hunturu, waɗanda duk ruwan Tiga ne yake shayar da su. Yaron da ya ga wannan zai fahimci inda abincin da ake sayarwa a kasuwar 'Yankaba yake fitowa. A bakin ruwan akwai masunta, ana samun kifi ɗanye da soyayye, ga duwatsu ga iska. Tsohon otal ɗin tafkin Bagauda da iyayenmu suke ba da labari yanzu ya zama harabar makarantar horar da lauyoyi, saboda haka kada ya sa ran shiga can. Sharaɗi biyu kawai: a fita da wuri a dawo kafin magariba, kuma kada a bar yaro ya shiga ruwan ko kwalekwalen da babu rigar kariya, domin ruwan yana da zurfi ko a kusa da gaɓa.

Ɗalibar Jami'a:
Ina so in amsa wa Hajiya kai tsaye, domin maganarta ta tsaya mini a rai. Mama, a unguwarmu ta Ɗorayi wasu mata su takwas sun haɗa kai suna fita tafiya bayan asuba sau uku a mako, da sanin mazajensu da na mai unguwa, suna zagaye harabar wata makarantar firamare kafin ɗalibai su zo. Da farko an yi ta surutu, amma da limamin unguwar ya yi bayani a kan kula da lafiya sai maganar ta mutu, yanzu har sun fi su ashirin. Ba lambu ba ne, ba kuma abin da ya kamata a ce gari kamar Kano ya tsaya a kansa ba ne, amma ya fi kai da komowa a soro. Wataƙila maƙwabciyarki za ta samu abokan tafiya idan aka fara da mutum uku ko huɗu.

Hajiyar Gwammaja:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Akwai makaranta a bayan layinmu mai fili da katanga, kuma shugabar makarantar ƙawar ƙanwata ce. Zan same ta a wannan makon, sannan in sa maigidana ya yi wa mai unguwa magana.

Bakanon Legas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zo neman sunayen wurare, sai ga shi na karanta wa matata maganar Hajiya, ta ce abin da take ji ke nan duk lokacin da muka zo gida, ni ina majalisa har dare ita tana ɗaki, kuma ba ta taɓa gaya mini ba. Ga abin da na tsara: Asabar ta farko Dala bayan asuba, mu sauko mu karya da bandashe a Jakara, tsakiyar mako Gidan Makama da karofi, wata ranar kuma Gidan Zoo da tabarmarmu, mako na biyu Tiga, kuma zan ɗauki mahaifiyata da ƙannena mata a tafiyar. Ɗan Jakara, idan ba za ka damu ba ina so ka zama ɗan rakiyarmu a Dala. Allah ya gafarta Malam, ko ƙafa za ta bari ka hau tare da mu? Na fi so yaran su ji tarihin daga bakinka.

Tsohon Malami daga Yakasai:
Gwiwa ta fara gardama, amma idan za a riƙa tsayawa a hanya zan hau, in sha Allahu. Ka sa yaran su zo da littafi da fensir, kuma a taho da ruwan sha da rigunan sanyi, domin iskar saman dutsen da asubar hunturu tana da kaifi.

Ɗan Jakara:
Na karɓa, Alhaji. Ku yi sallar asuba a Mandawari ku taho, zan jira ku a gindin matakala, kuma zan sa a ajiye mana gurasar farko da za a fitar daga tanderu. Ka sanar da ni yawanku tun ranar Alhamis don in san adadin da zan ce a ajiye.